Kurajen fuska da shiga sana'ar tallan tufafi

Kin tambaya wane maganin kurajen fuska za ki saya ba tare da takardar likita ba, da yadda za ki shiga sana'ar tallan tufafi lafiya, wato sanya tufafi a ɗauki hotonki don talla. Ki fara da man shafawa mai benzoyl peroxide na kashi 2.5 cikin ɗari, sau ɗaya a rana, domin yana kashe ƙwayoyin cutar da ke hura kurajen, ko da yake yana busar da fata. Sai bayan makonni 6 zuwa 8 ake ganin sauƙi, kuma idan suna barin tabo, ki ga likitan fata.

A batun tallan tufafi kuwa, kamfanonin bogi masu cewa za su samo miki aiki sun fi damuna. Na gaskiya yana cire kasonsa ne daga aikin da ya samo miki, ba ya neman kuɗi tun farko ko hoton tsiraici. Kada ki je ɗaukar hoto ke kaɗai.