Tambayoyinku kan Qt da Allon Taɓawa: A Daina Turo Mini Layin Ƙarshe

Injiniya, ni ɗalibi ne a Kaura Namoda. Na haɗa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ɗan allo mai inci 3.5 don aikin kammala karatu. Manhajar da na rubuta da Qt (kayan aikin gina manhajoji) tana buɗewa, amma in na taɓa sama sai ƙasa ya amsa.

Allonka lafiyarsa lau, saiti ya rasa. Yawancin ƙananan nan irin na dannawa ne, masu guntun XPT2046. Saka tslib, manhajar saita taɓawar allo, kira ts_calibrate, ka taɓa alamomi 5 da zai nuna maka da tsinken da ya zo cikin kwalin. Da tsinke na ce, ba da babban yatsan nan naka ba. Zai ajiye sakamakon a /etc/pointercal. In ba ta cikin X11 (tsarin tagogin Linux) manhajar ke tafiya ba, kai tsaye take zana wa allo ta linuxfb, ka sa QT_QPA_FB_TSLIB=1 kafin ka tashe ta.

Malam, daga Birnin Kebbi nake. Ina harhaɗa Qt 6 daga tushe don ya san tslib, sai ya tsaya. Ga hoton abin da ya rubuta: "ninja: build stopped: subcommand failed". Mene ne matsalar?

Ɗan'uwa, na ga hotonka. Na ga taga, na ga fanka, har hularka na gani a gilashin kwamfutar. Kuskuren ne kawai ban gani ba.

Layin da ka ɗauko yana cewa ne aiki ya tsaya, abin da kai ma ka sani tun kafin ka rubuto. Kamar ka je gaban likita ka ce ba ka da lafiya, sannan ka tsuke baki. Ninja, manhajar da ke tafiyar da ginin, yana harhaɗa fayiloli da yawa a lokaci guda, to in ɗaya ya faɗi sauran sai sun ƙarasa abin da ke hannunsu, su yi ta zuba rubutu, ainihin ƙorafin ya haye can sama inda ba wanda ke dubawa. Kuskuren farko shi ne magana. Na bayansa galibi 'ya'yansa ne.

Don Allah ku koyi wannan ɗabi'a: cmake --build . 2>&1 | tee rahoto.txt. Komai ya shiga fayil. Sai ka buɗe shi ka nemi wurin da FAILED ko error ya fara bayyana, ka kwafo rubutun, rubutu fa, ka turo. Mai iya harhaɗa Qt daga tushe bai kamata ya gaza kwafe layi goma ba.

Tunda ka sa ni duba irin na 'yan bori, bari in yi. In a kan Pi ɗin kake aikin, ina kyautata zaton za ka tarar da "Killed signal terminated program cc1plus". Ma'adanar wucin gadi ce ta cika, Linux ya kashe aikin don ya tsira da ransa. Ƙara swap, wato wurin da Linux ke ara daga faifai in ma'adanar ta cika, ka koma --parallel 1, ka kuma tabbata batirin sola zai kai ka asuba. In "cannot find -lGL" ne, libgl1-mesa-dev ka rasa.

Akwai kuma tarkon da ke kama kusan kowa. Mutum ya yi configure, wato shirin da ake yi kafin gini, ya ga babu tslib, ya saka libts-dev, ya sake configure a folda ɗaya, har yanzu babu. CMakeCache.txt ne ya haddace amsar farko yana maimaita ta. Share foldar ginin gaba ɗaya ka fara sabo, sannan ka leƙa config.summary ka ga ko tslib ya koma "yes" kafin ka ƙona awanni. Shi ya sa nake nacin a ware foldar gini daban da ta tushe, sharewa ba ta da fargaba.

Ka kuma duba shekarar darasin da kake bi. Tun fitowar Qt 6 a Disambar 2020 aka koma CMake wajen gina shi, kuma yana neman C++17. Darasin 2015 zai kai ka daji. Ni da za ka ji tawa ma, da qt6-base-dev, Qt 6 ɗin da aka riga aka harhaɗa, ka fara gwadawa ta apt.

Ina koyar da kwamfuta a Gusau. Allona yana amsa yatsa ɗaya, amma QTouchEvent, saƙon taɓawa na Qt, ba ya zuwa ko kaɗan.

Malama, fara da evtest, mai nuna saƙonnin da allo ke aikowa. In kin taɓa allo ba ki ga ABS_MT_POSITION_X ba, direban allon (manhajar da ke haɗa shi da Linux) yatsa ɗaya kawai ya sani, Qt ba shi da laifi. In kin gani, to QWidget ba ya karɓar taɓawa sai an ce masa: setAttribute(Qt::WA_AcceptTouchEvents). Ki kuma amshi TouchBegin a cikin event(), in ba haka ba sauran ba za su biyo ba, sai ya mayar da taɓawar dannan linzami.

Daga Yauri: Qt 6.5 ya ce ya kasa loda "xcb".

Saka libxcb-cursor0.

Daga Argungu: allon shagona yana danna kansa da kansa in an tayar da janareta. Wani ya ce in sake rubuta manhajar.

Kada ka taɓa ta, kuma ba aljanu ba ne. Allo irin na waya yana auna ɗan canjin lantarki ne a yatsa, cajar banza kuwa tana cusa masa hayaniya har ya zaci an taɓa shi. Gwada shi da fawabank. In ya natsu, sayi caja ta kirki.