Tambaya da Amsa: Wai mene ne asalin punk ɗin nan na yagaggun kaya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege. Wani yaro ya kawo min jaket ɗin jins da ya siyo a gwanjon Katangowa, lafiyayya wallahi ko tabo babu, wai in yayyaga masa kafaɗa in jera masa fil irin mai kulle kansa ɗin nan, wai sunan salon punk. Hannuna ya kasa ɗaukar almakashi. Ina abin ya samo asali ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na fahimci nauyin da hannunka ya yi, wanda ya saba ɗinke ɓaraka ba zai ji daɗin yaga ba.

Punk dai kiɗa ne tun farko, kaya daga baya suka biyo. A Niyok ta Amurka akwai wani ɗan kulob CBGB da aka buɗe a 1973, nan samari irin su Ramones suka riƙa kaɗa jita da ƙarfi da sauri, faifansu na farko na 1976 waƙa 14 ne amma ko minti 30 bai cika ba. Sun gaji ne da manyan mawaƙan rock masu jan waƙa ɗaya kamar ba za ta ƙare ba.

Amma a Landan wutar ta kama sosai, kuma da dalili. Lokacin Ingila na cikin matsi, kaya sun yi tsada, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, har gwamnati ta je cin bashin asusun ba da lamuni na duniya, IMF, a 1976, to yaro ya gama makaranta ba aiki ba kuɗi, rigarsa ta yage sai ya kama ta da fil ya fita abinsa. A titin King's Road lamba 430 akwai shagon Malcolm McLaren da Vivienne Westwood, ita ce ta mayar da wannan yagar sana'a, da zif da sarƙa da rubutu ɓaro-ɓaro a gaban riga, kuma cikin samarin da ke zaman shagon aka haɗa ƙungiyar mawaƙan punk ta Sex Pistols a 1975. Irin zaman majalisar da ake yi a shagonka da yamma, haka abin ya faro.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙananan shagunan. Geoff Travis ya buɗe shagon faifai Rough Trade a 1976, yaro zai buga faifansa da kansa ya rungumo a kwali ya kawo a sayar masa, ba sai ya je ya durƙusa wa babban kamfani ba. Mawaƙan Buzzcocks na Manchesta kuɗi suka ranto wajen dangi da abokai suka fitar da nasu faifan a farkon 1977, shekarar da muka yi bikin al'adun Afirka na FESTAC a nan Legas. Mujallun 'yan punk ma da hannu suke rubutawa su kai fotokofi. Zagin da rashin kunyar da ke cikin wasu waƙoƙin kam ba na tare da su ko kaɗan, amma wannan zuciyar ta tashi ka yi da kanka tana burge ni.

Batun jaket ɗin kuwa, in yagar ba za ta nuna tsiraici ba ka yi masa. Ka fara zana wurin da alli ya gani ya yarda, ka bi gefen da keke sau biyu kafin ka sa reza, in ba haka ba wanki ɗaya yagar za ta zarce har hammata ya dawo maka da ƙorafi. Fil ɗin ya siyo da kuɗinsa, kuɗin aiki kuma ka caje shi cikakke.