Wane kwafin "Crime in the Streets" ya cancanci kuɗinka?

Tambayoyin wannan makon duk a kan fim ɗaya suka taru, wani tsohon fim ɗin Amurka na 1956 mai hoton baƙi da fari a kan 'yan daban birni.

Daga Zariya: "Na ga fostarsa, samari riƙe da wuƙaƙe. Mai shago ya ce faɗa ne daga farko har ƙarshe. In saya?"

Malam, ka saya, amma ba don abin da mai shago ya faɗa maka ba. Gumurzun taron dangi guda ɗaya ne tak a fim ɗin, a buɗewarsa, tsakanin ƙungiyar Hornets da ta Dukes. Abin da ya biyo baya a cikin minti 91 ɗinsa yawanci magana ce da zaman jira. Dalili shi ne asalinsa wasan kwaikwayon talabijin ne da Reginald Rose ya rubuta, aka nuna a 1955, sannan kamfanin Allied Artists ya mayar da shi fim, Don Siegel ya ba da umarni. Allied Artists shi ne tsohon Monogram, kamfanin da ya yi suna wajen fina-finan ƙaramin jari, kuma ƙarancin kuɗin a bayyane yake: kusan komai yana faruwa ne a titi ɗaya da aka gina a cikin sutudiyo, da lungu, da tsanin ƙarfe na jikin bene, da ɗaki mai ƙunci.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani maƙwabci, McAllister, ya kai ƙarar ɗaya daga cikin yaran ga 'yan sanda saboda ya gan shi da bindiga. Shugaban ƙungiyar, Frankie Dane, ya tare shi, mutumin ya mare shi a bainar jama'a. Frankie ya ƙudurta kashe shi. Yawancin yaran suka zame, biyu kawai suka bi shi. A gefe guda wani jami'in kula da walwalar jama'a yana ta bibiyar Frankie da magana. John Cassavetes ne Frankie, yana da shekara 26 a lokacin amma ya fito a matsayin ɗan 18, kuma fuskarsa ba ta ɓoye hakan ba. Sal Mineo shi ne ƙaramin cikinsu, James Whitmore kuma jami'in.

Fostocin wancan zamani sun saba wuce gona da iri. Amurka tana cikin fargabar lalacewar matasa, har majalisar dattawanta ta kafa kwamiti a kai a 1953, ƙananan kamfanoni kuwa suka ga kasuwa ta buɗe. Amma dokar tace fina-finai ta Hays ba ta yarda a nuna jini ƙuru-ƙuru ko mai laifi ya sha ba. In duka da gudu kake nema, kuɗinka zai tafi a banza. In kana son ganin yadda mari ɗaya yake zama niyyar kisa a zuciyar yaron da ba ya ko son a taɓa jikinsa, to ka samu fim.

Daga Kano: "Akwai faifai mai fina-finai goma sha biyu a kasuwa, har da wannan, da araha. Ɗan'uwana kuma zai iya kawo mini na asali daga waje. Wanne ya fi?"

Na asalin, kuma bambancin ba ɗan kaɗan ba ne. Lissafin ga shi. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5. A faifan asali, fim mai minti 90 yakan samu gigabait 3 zuwa 4 shi kaɗai. In an cusa fim 12 a cikin 4.7, kowanne bai kai megabait 400 ba. Sai an matse hoton sosai kafin ya shiga, kuma wurin da matsi ya fi yi wa ɓarna shi ne duhu. Inuwa takan farfashe ta zama ƙananan murabba'ai masu rawa, launin toka ya haɗe da baƙi, fuskar da ke rabin haske ta ɓace. Wannan fim kuwa a dare yake rayuwa. Ƙarshensa gaba ɗaya a cikin lungu ne mai duhu, kuma abin kallon a idon Cassavetes yake. Araha ba ta ado. Fim ya kasance mai ƙaramin jari ba ya nufin an ɗauke shi da sakaci, domin Sam Leavitt ne ya riƙe kyamara, Franz Waxman ya yi kiɗan, dukansu ƙwararru ne a Hollywood.

Sauti ma yana shan wahala. A irin waɗannan faifai murya takan riga baki ko ta makara, musamman bayan an wuce rabin fim, kuma da wuya ka samu rubutun ƙasan allo na kirki. Ga fim ɗin da rabinsa zance ne cikin Turancin titunan Niyok na shekarun 1950, rashin wannan rubutu babbar asara ce.

Abin da za ka gaya wa ɗan'uwanka: kamfanin Warner ya fitar da fim ɗin a 2010 a cikin kundin Film Noir Classic Collection, juzu'i na 5, fim takwas a faifai huɗu. In na hannu zai saya, ya buɗe kwalin ya ƙirga faifan, don masu sayar da na hannu sukan raba kundin su sayar ɗaiɗai. Ya duba bayan kwali ya ga shekarar 1956 da sunan Siegel da na Cassavetes. Sannan ya juya faifan. Wanda aka buga a masana'anta bayansa ruwan azurfa ne ko ɗan zinariya, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da aka zana, galibi masu farawa da IFPI. Wanda aka kwafa a kwamfuta bayansa yakan yi shuɗi mai ja-ja, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Launin kaɗai ba hujja ba ce a kan kowane tsohon fim, tunda wasu kamfanoni, har da Warner ɗin, suna sayar da halastattun faifai da ake kwafawa sai an yi oda. Amma in ka ga bayan shuɗi, ga kwali mai dusasshen bugu, ga kuskuren rubutu, ka ajiye.

Ƙarce-ƙarcen da suka tashi daga tsakiya zuwa baki na'ura takan iya tsallake su. Wanda ya bi zagayen faifan shi ne mugu, saboda yana shafe dogon layin bayanai a jere. Tsagewa a ramin tsakiya kuwa dalilin fasa ciniki ne.

Daga Maradi: "An kawo mini faifan daga Amurka, na'urata ta ƙi karanta shi. An ce in sayo na'ura daga can."

Kada ka yi saurin kashe wannan kuɗin, Malam. Matsalar kusan kullum ɗaya ce daga cikin biyu. Ta farko lambar yanki. An raba duniya shiyya-shiyya: Amurka da Kanada lamba 1, Turai da Gabas ta Tsakiya lamba 2, yawancin Afirka, har da Nijar da Najeriya da Ghana, lamba 5. Duba bayan kwali, za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a ciki. In na'urarka ta rubuta saƙon da ya ambaci yanki, to ita ce. Maganinta na'urar da ke karanta kowane yanki, kuma yawancin masu sauƙin kuɗi ƙirar Sin da ke kasuwanninmu haka suke zuwa. Ka tafi da faifan shago a gwada a gabanka, ka tsallaka zuwa tsakiya da kusa da ƙarshe, domin a nan ne na'ura mai raunin ido take cijewa.

Ta biyu tsarin hoto. Faifan Amurka NTSC ne, namu talabijin na da kuwa PAL ko SECAM. In faifan ya buɗe amma hoton yana birgima, shiga saitin na'urar ka mayar da fitar hoto zuwa PAL ko zuwa zaɓin da ke gane kowanne da kansa. Talabijin na zamani masu faffaɗan allo ba su cika samun wannan matsala ba. A nan ma akwai abin lura ga mai saye: faifan PAL yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, saurin ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, don haka fim mai minti 91 zai nuna kamar 87. Ba a yanke komai ba. In ka ga ya faɗo ƙasa da 85, a nan ne za ka yi zargi.

Na'urar da aka sayo daga Amurka tana da haɗarinta. Wutar can bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. In takardar bayanta ba ta nuna 100 zuwa 240 ba, haɗa ta da soket sau ɗaya ya isa ya ƙone ta. Sannan za ta zo a kulle a lamba 1, ta ƙi sauran faifanka. In a kwamfuta za ka kalla, kada ka riƙa amsa tayin sauya yanki, domin sau biyar kacal ake yarda, daga nan ta kulle a na ƙarshe. Gwada manhajar VLC tukuna, sau da yawa tana buɗewa ba tare da an sauya komai ba.

In ya buɗe, ka gyara talabijin ɗin. Kashe saitin da ke sulɓe motsi, don yana sa tsohon fim ya yi kama da bidiyon biki. Zaɓi yanayin sinima, ka bar girman hoto yadda ya zo, kada ka ja shi ya cika allo har fuskoki su kumbura. Rage haske har baƙin gefen allo ya zama baƙi sosai, sannan ka ɗaga kaɗan har ka fara ganin bulon bangon lungun. Faifan kuma a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, a mayar da shi kwalinsa, nesa da rana da ƙurar hunturu.

Daga Gombe: "Ni malama ce, ina son in nuna wa samarin unguwa masu shekara 15 zuwa 18. Ya dace, ko in nemi wani?"

Malama, a cikin ire-irensa wannan ne muka fi ba ki shawara. Babu tsiraici, babu jini, kuma nauyinsa yana kan gida: uwa mai aiki har ta gaji, uban da babu shi, ƙanen da ke tsoron yayansa, da mahaifin da ke roƙon ɗansa ya fita daga ƙungiya. A ƙarshe ƙanen Frankie ne ya shiga tsakani a lungun, wuƙar ba ta yi aiki ba. Yaran da suka taso suna jin labarin 'yan daban Kalare na Gombe za su gane yadda ake jan ƙarami cikin laifi da kalmar "matsoraci" ba sai an yi musu dogon bayani ba. Rauninsa shi ne jawaban jami'in sun yi tsawo, kuma sauyin zuciyar Frankie ya zo da sauri fiye da yadda yake zuwa a zahiri. Ki faɗa musu hakan, ki tambaye su ko sun yarda da ƙarshen.

Ki fara kallonsa ke kaɗai. Ki raba shi kashi uku, ki tsaya bayan marin, ki sake tsayawa bayan sauran yaran sun janye, ki fassara musu abin da aka ce. Ki haɗa lasifika ta waje, don sautin hanya ɗaya ne kuma ƙaramar lasifikar talabijin ba ta isar mutum ashirin. Faifan gida lasisinsa na kallon gida ne, saboda haka in taron zai zama na jama'a ko za a karɓi kuɗin shiga, ki nemi izini tukuna.

Akwai biyu da za a iya tallata miki. "The Violent Years", shi ma na 1956, a kan ƙungiyar 'yan mata, yana yawo a kundaye masu araha, amma akwai wurin da bai dace da ɗalibai ba, kuma aikin ba shi da inganci. "Los Olvidados" na Luis Buñuel, wanda aka yi a Meziko a 1950, ya fi su duka ƙarfi, har ya ci kyautar ba da umarni a bikin Cannes na 1951. Sai dai da Sifaniyanci yake, kuma yaran da labarin ya ginu a kansu mutuwa suke yi, ba a ceci kowa ba. Ki ajiye shi don manya, in kuma za ki saya ki neme shi har da sunansa na Turanci, "The Young and the Damned", ki tabbatar kwalin ya ambaci rubutun ƙasan allo da harshen da kike karantawa.