Kamfanonin Jirgin Ƙasa da Asalin Aikin Manaja da Akanta

Tambaya: Malam, shin gaskiya ne kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fara tsara aikin manaja da akanta irin na zamani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin layin da ya miƙe ɗaruruwan mil ya fi ƙarfin idon mai kamfani shi kaɗai. A Amurka, bayan jirage biyu na kamfanin Western sun yi karo a 1841, an raba layin gida-gida, kowane yanki da jami'insa mai albashi. A 1855 kuma Daniel McCallum na kamfanin Erie ya fitar da zanen da ke nuna wanda kowane ma'aikaci yake ƙarƙashinsa, yana kuma karɓar rahotanni ta wayar tangaraho.

Batun lissafi, a ganina, Ingila ce ta fi ba da darasi, inda aka gano a 1849 cewa George Hudson, shugaban wasu manyan kamfanonin jirgin ƙasa, yana biyan masu hannun jari riba daga cikin jarin kamfanonin. Wannan badaƙala ta sa kamfanoni suka ɗauko masu binciken kuɗi daga waje, irin su William Deloitte, sannan dokar jiragen ƙasa ta 1868 ta wajabta raba lissafin jari da na kuɗin shiga.