Yadda muke yi da ruɗewar tsofaffi a zangon Kumasi

Ƙanwata, kin tambaye ni me ya sa mu mutanen zango muke garzayawa asibiti da tsoho in ya fara kiran jikoki da sunayen mamata, alhali a gida cewa ake gigin tsufa ne, a yi ta addu'a. Addu'a muna yi, rubutu ma ana sha a unguwanninmu na Aboabo da Asawase kamar yadda ake sha a Kano. Sai dai a nan, kafin a ce komai, tambayar farko ita ce: an auna sukarinsa? An auna jini?

Ciwon sukari da hawan jini sun yi mana katutu. Da safe koko da sukari, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo ko dokunu, ga zaman rumfar kasuwa wuni guda. In sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini ya gaza, sukari ya daɗe yana yawo a jini, a hankali yake lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, hawan jini kuma ya ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro: tsohuwa ta sha maganin sukari, ta ɗauki azumin Litinin ba ta faɗa wa kowa ba. Kafin la'asar sai gumi da makyarkyata da sambatu. Wanda bai sani ba zai ce iska ce, alhali sukarin ne ya faɗi, kuma ruwan sukari take bukata nan take in tana iya haɗiya.

Mata da suka daɗe da daina al'ada kuma, mukan sa a duba musu wannan ƙullutun na wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Idan sinadarinsa ya yi ƙaranci, sai kasala da jin sanyi da mantuwa. Gwajin jini ke nuna shi, ƙwaya ɗaya kowace safiya takan dawo da mutum hayyacinsa.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne inshorar lafiya da Gana ta kafa a 2003. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, in abu ya yi tsanani kuma ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye a cikin gari.

Akwai wani dalilin da ba ma son faɗa da ƙarfi. A arewacin ƙasar nan har yanzu akwai sansanonin da ake korar tsofaffin mata da sunan maita, kamar na Gambaga. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, mai shekara 90, da duka a Kafaba, kusa da Salaga inda kakanninmu suka yi fataucin goro. Tsohuwar da ke fita da dare tana magana ita kaɗai, a gidan haya mai ƙabilu biyar, takardar likita garkuwa ce gare ta.

In kuwa gwaji ya nuna ruɗewar nan ce da ba ta warkewa, ba ma kai kowa gidan tsofaffi. Ɗakinta take zama, 'ya'ya da surukai su raba kwana, mai koko a bakin layi ta san ta, in ta fita a kamo hannunta a dawo da ita.

Kin ce Inna ta fara rikita raka'o'in salla. Ki kai ta a auna sukari da jini da sinadarin maƙoƙo, ki tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiya, likita ya gani.