Tafiya ce ta fara sauke mini jini kafin ƙarfe

Malam, na ga tambayarka: jiki ya yi nauyi, an auna jininka an samu 150/95, samarin unguwa kuma na ta jan ka zuwa ɗaga ƙarfe, kana so ka san wanne ya fi sauke jini, ƙarfe ko tafiya. Ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye.

Da tafiya na fara. Bayan sallar asuba nakan taso daga Tudun Wada in kai Ƙofar Doka in juyo, da saurin da zan iya yin magana amma ina ɗan haki. Makon farko gwiwoyina sun ji a jikinsu, sai na riƙa haɗawa da keke, domin keke ba ya ɗora wa gwiwa nauyin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki take so a mako, wato minti 30 kwana 5. Ga mai hawan jini, irin wannan yakan rage lambar sama ta awon jini (150 ɗin nan naka) da kamar 5 zuwa 8. Abin da ya ba ni mamaki, jinin ya fara sauka tun tumbin bai motsa ba. Likita ya ce jijiyoyin jini ne suke saki su buɗe, kuma sauƙin na ɗan lokaci ne, in ka zauna makonni sai ya koma. Na gani da idona lokacin hunturu, da sanyin Zariya ya hana ni fita.

Ƙarfe yana da amfani, kwana 2 a mako, mara nauyi sosai. Amma don Allah kada ka biye wa samarin nan. Mutum ya ɗauke numfashi ya yi nishi ya cicciɓi abin da ya fi ƙarfinsa, a wannan lokacin jini yakan yi tashin gwauron zabi. Ka riƙa fitar da numfashi yayin ɗagawa.

Akwai kuma na jingina da bango: ka manna baya, ka durƙusa kamar kana kan kujera, ka tsaya minti 2, ka huta, sau 4, kwana 3 a mako. Wani babban nazari da aka fitar a Ingila a 2023 ya nuna yana cikin mafi sauke jini. A ɗaki nake yin sa ranar da aka tashi da ruwa.

Maganinka dai kada ka ajiye shi don ka ga lamba ta yi kyau, likita ne zai rage maka. In ka auna ka ga ya kai 180/110, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe ka, nan take ka nufi asibiti. Ka kuma roƙi uwargida ta rage gishiri da dunƙule a miya.