Amsa: Kalmomin Turanci masu "port" a ciki

Ka tambaya ko import, export, transport da portable ma'anarsu ɗaya tunda duk akwai "port" a cikinsu. E, waɗannan huɗun dangin juna ne. Tushensu kalmar Latin ce, portare, wato ɗauka ko dako. Import shigo da kaya ne, export fitar da su, transport kai su daga wani wuri zuwa wani, portable kuwa abin da hannu zai iya ɗauka, kamar ƙaramar rediyo. Shi ya sa ake ce wa ɗan dako porter. Har deport ma, korar mutum daga ƙasa, ɗauke shi ake yi a fitar.

Amma kada ka ɗauka duk inda haruffan nan suka haɗu jini ɗaya ne. "Port" ɗin da ke cikin airport da Port Harcourt, wadda muke kira Fatakwal, daga wata kalmar Latin ya fito, portus, wato tashar jiragen ruwa. Portrait da portion kuwa kowacce da nata asalin. Na taɓa samun ɗalibata ta rubuta a littafinta cewa portrait hoto ne da ake yawo da shi a aljihu, alhali hoton fuskar mutum ake nufi, ko da ya cika bango. Tun ranar nake sa ɗalibaina su cire "port" su duba ko abin da ya rage yana da ma'ana, kamar im, ex ko trans. In bai ba da ma'ana ba, su buɗe ƙamus.